Girman Kabureta da Ƙarfin Inji: Yadda Ake Zaɓenta da Yadda Ake Saita Ta

A bazarar da ta wuce wani matashi ɗan kabu-kabu daga unguwar Zariya ya turo babur ɗinsa mai inji 125 har ƙofar garejina, yana zufa, ransa a ɓace. Ya ce, "Maigida, na sa masa babbar kabureta don ya ƙara gudu, amma in na murɗa totur daga tsaye sai ya yi kamar zai mutu, mai kuma yana tafiya kamar a rairayi nake zuba shi." Da na leƙa sai na tarar da kabureta mai faɗin milimita 30, irin wadda aka ƙera domin inji mai ninkin girman nasa. Ban ga laifinsa ba, domin abin da ake faɗa a kowace tashar ƴan kabu-kabu shi ne babbar kabureta tana ba inji abinci da yawa, wanda kuwa ya ci da yawa shi ne mai ƙarfi. Wannan magana ta cinye kuɗin mutane da dama a Maradi, shi ya sa na ga ya dace in shimfiɗa yadda aikin yake daki-daki.

Abin da ke faruwa cikin maƙogwaro

Kabureta, wadda wasunmu ke kira karbiratar bisa lafazin Faransanci, aikinta shi ne ta gauraya fetur da iska gwargwadon yadda za su ƙone sarai cikin silinda. In ana son fetur ya ƙone ƙurmus, kowane giram 1 nasa yana bukatar giram 14.7 na iska. In aka mayar da wannan lissafi zuwa mazubi, lita 1 ta fetur tana cin iska kusan lita 9,000, wato cikin duro 45 irin mai lita 200. Lokacin da ake neman cikakken ƙarfi akan ɗan ƙara mai, a koma wajen 12.5 ko 13, lokacin tafiyar tsimi kuma akan ɗan rage shi zuwa wajen 15 ko 16. Tsakanin waɗannan lambobi ne duk rayuwar inji take, daidai ruwa daidai tsaki.

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, babu wani famfo cikin kabureta da ke tura mai zuwa inji a tafiya ta yau da kullum. Iska ce ke ɗauko shi. Duk wanda ya taɓa riƙe tsohon famfon feshin maganin sauro, mai gwangwani a ƙasa da sanda da ake turawa, ya ga wannan hikima da idonsa: iska tana wucewa da gudu ta bakin ɗan siririn bututu, sai maganin ya hau da kansa ya fita kamar hazo. In ka tura sandar a hankali, ko ɗigo ba zai hau ba. Haka kabureta take. An ƙuntata hanyar iska a tsakiyarta, wurin da nake kira maƙogwaro, domin iskar da fistan ke zuƙowa ta ƙara gudu a nan, kuma duk inda iska ta ƙara gudu matsinta yana raguwa, sai mai ya taso daga kofin da ke ƙasa ta ramin jiklar, wato ɗan ƙarfen tagulla mai siririn rami da ke auna man da zai wuce. Masanin nan Daniel Bernoulli ya bayyana dangantakar gudu da matsi tun 1738, Giovanni Battista Venturi na Italiya ya yi nazarin ƙuntataccen bututu a 1797, shi ya sa littattafan kanikanci ke kiran wannan maƙogwaro da sunansa, sannan Wilhelm Maybach a Jamus ya fito da kabureta mai feshi da kofin mai a 1893. Daga wancan lokaci zuwa kaburetocin kamfanonin Keihin da Mikuni da ke kan baburanmu yau, tushen bai sauya ba.

Ga inda girma ya shigo. Maƙogwaro mai faɗin milimita 22 yana da fili na murabba'in milimita 380, mai faɗin 30 kuwa yana da 707, kusan ninki biyu ke nan duk da cewa a ido bambancin milimita 8 ne kawai. Inji 125 ba zai zuƙi iskar da ta wuce cikinsa ba don an faɗaɗa masa ƙofa, saboda haka iskar nan ɗaya ce za ta bi ta fili mai faɗi, gudunta ya sauka zuwa kusan rabi. Ƙarfin zuƙar mai kuma yana bin gudu ninki bisa ninki ne, in gudu ya ragu da rabi zuƙa takan koma kashi ɗaya cikin huɗu. A lissafin yaron nan, zuƙar da ta rage masa in ya buɗe totur duka ba ta kai kashi ɗaya cikin uku na yadda ya kamata ba. Man da ya samu fitowa ma ba ya farfashewa ya zama hazo, yana fitowa ne gudaji-gudaji ya kwanta a bangon bututu, wani ya ƙone wani ya fita ta salansa. Wannan ne ya haɗa masa mutuwar inji da shan mai a lokaci guda.

Ƙaramar kabureta ita ma tana da nata aibin. Tana tashi da kyau, tana ja da ƙarfi tun daga ƙasa, amma in inji ya hau juyi sosai sai maƙogwaron ya zama shinge, silinda ta kasa cika, ka ji babur ya tsaya a wani gudu ya ƙi wucewa ko da ka murɗe totur har ƙarshe. Sai dai in za a yi kuskure, gara a yi shi ta ɓangaren ƙanƙanta, domin asararsa ɗan gudun ƙarshe ne da ba kullum ake kai wa gare shi ba.

Mataki na farko: san injinka da aikin da yake yi

Kafin a taɓa aljihu, a nemo abubuwa biyu: girman silinda da cc, wanda galibi yana rubuce a jikin silindar daga ƙasa, da kuma juyin da inji yake yi a minti lokacin da yake ba da iyakar ƙarfinsa. Baburan aiki irin zuriyar Honda CG125, wanda ya fito a 1975 kuma har yau kamfanoni da dama ke kwaikwayon injinsa, suna kai iyakar ƙarfinsu ne a wajajen juyi 8,000 a minti. Sai tambaya ta uku, wadda ta fi waɗancan muhimmanci a wurina: ina wannan inji yake yini? Ɗan kabu-kabun da ke zirga-zirga tsakanin babbar kasuwa da unguwannin Mokoyo da Ɗan Gulbi, yana tsayawa yana tashi, yana ratsa rairayi da fasinja da buhu, ba ya buɗe totur duka sai jefi-jefi. Mai adaidaita da ya loda kaya ranar Litinin ko Juma'a ya fi shi bukatar ƙarfin ƙasa. Wanda ke bin kwalta kullum zuwa Gidan Runji ko Tasawa shi ne kaɗai zai ci ribar ɗan ƙarin faɗi.

Mataki na biyu: lissafi

Inji mai bugu huɗu yana zuƙar iska sau ɗaya ne a kowane juyi biyu. Don haka a ninka cc da juyi, a raba biyu. Inji 125 a juyi 8,000 yana neman cc 500,000, wato lita 500 a minti. Amma silinda ba ta cika fal a injin aiki, bawul da lanƙwasar hanya suna rage mata, abin da take samu bai cika wuce kashi 80 zuwa 85 cikin 100 ba, saboda haka ainihin bukatar tana tsakanin lita 400 da 425.

Akwai wata tsohuwar ƙa'ida da masu gyaran babura ke amfani da ita wajen fitar da faɗin maƙogwaro kai tsaye, kuma wayar hannu ta isa a yi ta. A ninka cc da adadin dubban juyi, a fitar da tushen murabba'in abin da aka samu, sannan a ninka shi da wata lamba tsakanin 0.65 da 0.9. Ga inji 125: 125 sau 8 ya ba da 1,000, tushensa 31.6. In aka ninka da 0.65 za a samu milimita 20 da rabi, da 0.7 za a samu 22, da 0.8 za a samu 25, da 0.9 kuma 28 da rabi. Lambobin sama na injin tsere ne wanda aka faɗaɗa wa bawul da hanyoyin iska, kuma ba ya sauka daga babban juyi. Babur na neman abinci wurinsa 0.65 zuwa 0.75. Ka ga ke nan 30 ɗin da yaron nan ya saya ta wuce har abin da za a sa wa injin tsere mai girman nasa. Da wannan hanya inji 110 a juyi 7,500 zai faɗa wajen milimita 19 zuwa 21, inji 150 a juyi 8,000 kuma wajen 23 zuwa 26.

Wannan ƙa'ida ta silinda ɗaya ce mai kabureta ɗaya. Mota mai silinda huɗu da ke sha daga kabureta guda lissafinta na lita ne, domin silindojin bi da bi suke zuƙa. A ɗauki Peugeot 504, wadda ta fito a 1968 kuma tsofaffin direbobin hanyar Katsina suka san ta ciki da waje, mai inji cc 1,971: a juyi 5,000 da cika kashi 80 tana neman kusan lita 3,940 a minti. Kaburetocin Amurka irin Holley ana auna su da CFM, kowane 1 daidai yake da lita 28.3 a minti, don haka bukatar 504 ba ta wuce CFM 140 ba. Wanda ya ɗora mata mai 600, wadda aka yi domin manyan injuna masu silinda takwas, ya ba ta abin da ya ninka cikinta fiye da sau huɗu.

Mataki na uku: auna da hannunka

Lambar da ke jikin kwali ba kullum take nufin faɗin maƙogwaro ba. A kaburetoci da yawa na baburan aiki, irin waɗanda ake rubuta wa PZ19 ko PZ26 ko PZ30, lambar ta fi kusa da faɗin bakin da ke manne da inji, maƙogwaron kansa kuwa ya fi haka ƙunci kuma siffar ƙwai gare shi, tsayinsa ya fi faɗinsa. An yi shi haka da gangan: lokacin da ɗan fistan ɗin kabureta, wanda ke buɗe maƙogwaro ya rufe shi, yake ƙasa, hanyar siririya ce iska na gudu, in ya ɗaga sama kuma tsayin ya ba da fili. Saboda haka PZ26 da ake gani kan injuna 125 ba ta saɓa wa lissafin da muka yi ba. A sa ma'aunin kanikawa mai baki biyu a auna wuri mafi ƙunci, a kuma auna bakin robar wuyan da kabureta ke shiga da ramin da ke kan silinda. In bakin kabureta ya fi ramin inji faɗi, iska za ta riƙa cin karo da gefe kamar ruwan da ya tarar da dakali, kuma duk faɗin da aka biya kuɗi dominsa ya tashi a banza.

Mataki na huɗu: wace ƙira

Mafi yawa a garin nan ita ce mai ɗan fistan da wayar totur ke ja kai tsaye. Ba ta da wuyar gyara, kayanta suna ko'ina, kuma tana amsa hannu nan take, amma ba ta yafe kuskuren girma, domin in ka fizge totur sai maƙogwaro ya buɗe gaba ɗaya tun inji bai ɗauki juyi ba, zuƙa ta faɗi, inji ya shaƙe. Wasu daga cikinsu suna da ɗan famfo da ke tsarta mai a daidai wannan lokaci don cike giɓin.

Ta biyu ita ce mai tantanin roba a kai. A cikinta hannunka yana buɗe wani faifai ne kawai, fistan ɗin kuwa zuƙar inji ce ke ɗaga shi gwargwadon iskar da ake ja, saboda haka gudun iska a maƙogwaro ba ya faɗuwa ko da ka murɗe totur lokaci guda. Tana tafiya sumul kuma tana tsimin mai. Rauninta tantanin ne: in ya tsufa ya tsage, ko da ramin bai fi bakin allura ba, fistan ba zai ɗaga sosai ba, babur ya rasa gudu a yi ta sauya buji a banza. Ba ta kuma jure a cire mata akwatin iska.

A motoci an warware rigimar girma ta wata hanya mai kyau, wato maƙogwaro biyu masu buɗewa ɗaya bayan ɗaya, kamar Weber 32/36 da wasu Solex. Ƙaramin shi ke aiki a cikin gari, babban ba ya buɗewa sai an taka totur kusan kashi biyu cikin uku. Wanda ya ɗaure su da waya don su riƙa buɗewa tare, kamar yadda na sha gani, ya rushe dabarar da aka gina kaburetar a kanta.

Janareto da injin ban-ruwa na masu lambu a Jiratawa da bakin tafkin Madarunfa maganarsu gajera ce. Gwamna, wato na'urar da ke daidaita juyin inji da kanta, ita ce ke riƙe da totur ɗinsu, kuma ƙaramin janareto mai ba da wutar 50 Hz dole ya zauna a juyi 3,000, ba zai taɓa hawa inda babbar kabureta ke da amfani ba. In ka ji yana hawa yana sauka kamar mai haki, mafi yawan lokaci ƙaramin jiklar ne ya toshe.

Mataki na biyar: kawar da abin da ba laifin kabureta ba

Rabin baburan da ake kawo mini da sunan ciwon kabureta, ciwonsu yana wani wuri. A duba tazarar bawul inji na sanyi, a tabbata zoben fistan bai cinye ba, a sa buji mai kyau, a wanke matatar iska. Sannan a tayar da inji a bar shi a ralanti, wato yana juyi a hankali ba a murɗa totur ba, a fesa ɗan abin wanke kabureta a jikin robar wuya, nesa da buji da salansa, kuma ba kusa da mai shan sigari ba. In sautin inji ya sauya, robar ta tsage tana satar iska, kuma babu saitin da zai zauna sai an sauya ta. A kwance kofin ƙasa a ga abin da ke ciki. Man kwalba na bakin hanya, wanda muke kira ruwa-ruwa, wani lokaci yakan zo da ƙasa ko ɗigon ruwa, saboda haka ƴar matatar mai da ake sa wa a tiyo ta fi kuɗinta amfani.

Jiklar da ya toshe a jiƙa shi a hura masa iska wurin mai faci. Kada a soka masa allura ko wayar birki. Tagulla ce mai laushi, kuma lambar jiklar irin na Keihin faɗin raminsa ce da kashi ɗaya cikin ɗari na milimita, wato 100 yana nufin milimita 1. Daga 100 zuwa 105 filin ramin ya ƙaru da kashi 10 cikin 100, bambancin da ido ba ya gani amma tanki yana ji. Wani yarona ya taɓa share jiklar da allurar ɗinki yana ganin gwaninta ya yi, mai babur ya dawo bayan kwana biyu da buji baƙi ƙirin kamar gindin tukunya. A kuma lura cewa lambobin kamfanoni ba ɗaya ba ne, wasu jiklar na Mikuni masu kusurwa shida ana ƙidaya su ne da yawan man da ke wucewa, don haka 100 na wannan ba 100 na wancan ba ne.

Mataki na shida: saiti, bisa tsari

Kabureta hanyoyin mai uku ne a gida ɗaya, kowace da yankinta. Ƙaramin jiklar da sukurunsa su ke mulki daga ralanti zuwa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na totur, allurar kabureta, wadda ke hawa da sauka tare da ɗan fistan, daga nan zuwa kashi uku cikin huɗu, babban jiklar kuma daga nan zuwa ƙarshe. Juyin inji ba shi ke nuna wace hanya ke aiki ba, buɗin totur ne. Shi ya sa nake manna ɗan farin tef a hannun totur in yi masa zane huɗu kafin gwaji, don in san a daidai wane zane inji ke gardama.

A fara da tsayin mai cikin kofi, domin shi ne kan gaba ga duk sauran. Fulota, abin da ke iyo a kan mai ya rufe ƙofar shigarsa, in ta bar mai ya hau da yawa kowace hanya za ta yi kitse, wato mai ya yi yawa a cakuɗin, har ya riƙa zuba ta tiyon ƙasa, in kuma ya yi ƙasa inji zai ji yunwa a babban gudu. A sa siririn tiyo mai haske a mazubar kofi, a lanƙwasa shi sama a jikin kabureta, babur na tsaye sak, a kwance sukurun zubarwa. A galibin waɗannan kaburetoci mai yakan tsaya dab da layin da kofi ya haɗu da jiki, ɗan ƙasa kaɗan. In akwai littafin babur, awonsa shi ne hujja.

Sai ralanti, bayan inji ya yi zafi da tafiyar minti goma. A nan ne mutane ke ruɗewa, domin sukurun iri biyu ne. In yana ɓangaren matatar iska, iska yake sarrafawa, kwance shi yana rage kitse. In yana ɓangaren inji, mai yake sarrafawa, kwance shi yana ƙara kitse. A ɗaure shi a hankali har ya taɓa, ba da ƙarfi ba don bakinsa yana lalacewa, a kwance zagaye ɗaya da rabi, sannan a riƙa juyawa kwata-kwata ana jira ƴan daƙiƙu ana saurare, har a samu inda inji ya fi ɗaga murya ya kuma daidaita. Daga nan a sauke ralanti da babban sukurun da ke tokare fistan, zuwa wajen juyi 1,400 ga irin waɗannan babura. In wurin daɗin bai samu ba sai sukuru ya kusa rufewa, ko sai ya wuce zagaye uku, ƙaramin jiklar ne bai dace ba, a sauya shi.

Bayan haka a tsallaka zuwa babban jiklar kafin allura, saboda man da allura ke rabawa ta cikinsa yake bi. A nemi miƙaƙƙiyar kwalta da ba cunkoso, irin wajen gari ta hanyar Cadawa, da hular kwano a kai. A giya ta sama a buɗe totur duka na ɗan lokaci, sannan a sassauta shi kaɗan, kamar kashi ɗaya cikin takwas. In babur ya ƙara ja lokacin da aka sassauta, jiklar ya yi ƙanƙanta. In ya yi ɗan tuntuɓe yana gurnani kafin ya daidaita, ya yi girma. A tabbatar da buji: a sa sabo, a yi gudu totur a buɗe, a kama kuloci a kashe inji lokaci guda ba tare da an bar shi ya koma ralanti ba, a gangara gefe a kwance shi. Launin ƙasa-ƙasa kamar soyayyar gyaɗa shi ake nema. Baƙi mai toka yana nufin mai ya yi yawa, fari fat kamar alli kuwa haɗari ne. Ina ba da shawara a fara da jiklar da ya ɗan fi girma a riƙa saukowa mataki ɗaya-ɗaya, kuma a tsaya ta ɓangaren kitse, domin injunanmu iska ce ke sanyaya su, kuma inji mai yunwar mai a zafin Afrilu yana iya ƙona bawul ko ya huda kan fistan. Kuɗin ɗan man da aka ƙara bai kai kuɗin buɗe inji ba.

Allura ita ce ta ƙarshe, kuma ita ce ta fi shafar aljihun ɗan kabu-kabu tunda a yankinta yake yini. Yawancinsu suna da tsaga biyar a kai da ɗan maƙalli. In aka saukar da maƙallin zuwa tsagar ƙasa allura ta ɗaga, mai ya ƙaru. In aka hau da shi sama allura ta nutse, mai ya ragu. A fara daga ta tsakiya. In a rabin totur babur yana fizga yana jinkirin amsawa, kuma jan cok kaɗan, wanda ke ƙara mai a cakuɗin, yana gyara shi, yunwa ce. In yana gurnani, yana warin ɗanyen mai, kuma abin yana ƙaruwa in ya yi zafi, kitse ne. Abu ɗaya ake sauyawa a kowane gwaji, in ba haka ba ba za a san wanne ya yi aiki ba.

Yanayin Maradi

Saitin da aka yi a Janairu ba zai zama daidai a Mayu ba. Iska tana yin sako-sako in ta yi zafi: tsakanin safiyar hunturu mai digiri 15 da azahar ɗin bazara mai digiri 42, nauyin iskar da ke cika silinda yana raguwa da kusan kashi 9 cikin 100, kabureta kuwa faɗin iska take ji fiye da nauyinta, sai cakuɗin ya karkata wajen kitse da kimanin rabin wannan adadi. Wannan ne dalilin da babur ke jin ƙarfi da asuba ya yi nauyi da rana. Tudu ma haka yake yi, kusan kashi 1 cikin 100 a kowace mita 100, kuma Maradi tana ƙasa da mita 400 kaɗan bisa teku, don haka injin da aka saita a Kwatano yakan ɗan yi kitse in ya iso nan. Galibi kwatan zagaye a sukurun ralanti ya isa, wani lokaci tsaga ɗaya a allura. Amma jiklar da aka matse shi ƙarshe a tsakiyar bazara zai bar inji da yunwa in sanyi ya shigo, a tuna da wannan.

Ƙurar hunturu ta fi zafi ɓarna. Soson matata in ya toshe yana aiki ne kamar cok da aka manta a ja, mai ya riƙa tafiya ba dalili, sai mai babur ya zo yana neman a rage masa jiklar alhali wanki kawai soson ke so da ɗan man inji a matse. Masu cire akwatin iska gaba ɗaya don jin ƙara suna jawo wa kansu abu biyu, cakuɗi ya koma yunwa, rairayi kuma ya shiga ya ci zobe da silinda cikin ƴan watanni. Da damina a riƙa kwance sukurun kofi lokaci-lokaci a zubar da ruwan da ya kwanta a ƙasa.

Yaron nan na Zariya, da muka mayar masa da kabureta daidai injinsa muka bi matakan nan, na sa shi ya yi gwajin da nake sa kowa: ya cika tanki har wuya, ya je Tibiri ya dawo da fasinja a baya bisa tafiyarsa ta kullum, sannan ya sake cikawa da kwalba mai awo don ya ga abin da ya sha, ya kwatanta da na da. Da ya dawo ya ce, "Maigida, yanzu ko a rairayi da giya biyu yake fita." Na ce masa, "Ɗana, kawo murfin gefe." Na rubuta masa da fenti a ciki lambar babban jiklar, da ta ƙarami, da tsagar da allura take, da zagayen sukuru, da watan da aka yi saitin, domin duk bakaniken da ya buɗe bayana ya san daga inda zai tashi.